Taken Marigayi Halliru

Ranar kasuwar Sabon Birni Halliru ya ji labarin mutuwarsa daga bakin lasifika. Yana tsugune gaban mai gishiri sai ga wata mota ta ratso tsakanin rumfuna, an ɗaure mata lasifika biyu a ka, murya tana fita kamar za ta tsaga kwano.

"Jama'ar Gobir! Taurarin Bunsuru sun dawo gida! Shekara arba'in suna kiɗa, ba a yi kamarsu ba! Ranar Asabar bayan azahar, a sabon filin biki na bakin tasha! Kujerar baya dubu goma sha biyar, ta gaba dubu hamsin, teburin manya sai an zauna an yi magana! Ku zo ku ji taken marigayi Halliru na Gatawa, sarkin noman da 'yan bindiga suka kashe da galmarsa a hannu!"

Mai gishirin ya ɗago kai ya dubi Halliru daga hula har takalmi.

"Allah shi jiƙanka, Baba. Na nawa za a ba ka?"

Halliru bai sayi gishirin ba.

Ba wannan ne karo na farko da aka kashe shi ba. Shekarar da 'yan bindiga suka shiga Gatawa, sun harbe wani Halliru mai saƙar zana, labari ya bi waya har Sakkwato ya sauka a kan Hallirun da aka fi sani. Kalilu, shugaban Taurarin Bunsuru, ya yi kuka a gaban masu ɗaukar hoto. Da Halliru ya ji, sai ya aika masa ta bakin wani direba cewa yana nan da ransa, gona da gida kawai ya rasa, yana Sabon Birni a ɗakin aro shi da matarsa Saude. Direban ya dawo ya ce Kalilu ya yi hamdala har da sujada. Halliru ya ɗauka magana ta ƙare.

Kalilu ne ya yi masa taken, tun suna samari, tun makaɗan suna bin gayya gona gona da ganga a rataye. Halliru ya biya shi da bijimi da damman gero a bakin gona, gaban mutane. Daga baya makaɗan suka je Maraɗi suka dawo da jita mai lantarki, suka ɗora taken a kanta, kaset ya kai shi garuruwan da Halliru bai taɓa takawa ba. Bai damu ba. Take na mai shi ne ko a kan me aka kaɗa shi. Abin da aka sani a garinsu shi ne, in mai take yana da rai, da an kaɗa sai ya miƙe, ko yana kan tabarmar ciwo, kuma ba mai miƙewa tare da shi. In ya mutu, a kaɗa a hankali, kowa na zaune, makaɗi kuma ba ya karɓar ko ƙwandala a kai.

Ya iske Saude a ƙofar ɗaki tana tsince wake.

"Sannu da zuwa, marigayi."

"Kin ji ke nan."

"Wa bai ji ba? Habi maƙwabciya ta shigo yi min gaisuwa tana dariya hat tana riƙe ciki. Na ce mata in mutuwa ta tabbata a ba ni nawa kason, tunda ni ad da takaba. Ina gishirin?"

"Za ni wurin Kalilu."

"To ka sa babbar riga. Kada su ce hwatalwa ta zo da tsumma."

A gidan baƙi na hanyar Isa aka sauke makaɗan. Halliru ya iske su ƙarƙashin dalbejiya a kan kujerun roba. Atiku mai jita yana barci da baki buɗe, babu haƙori ko ɗaya a sama. Kalilu ya rina gemu baƙi ƙirin, ya sa baƙin tabarau da rigar fata a cikin wannan zafi. Kusa da shi wani mai ƙaramin shekaru yana zaune da waya biyu a cinya. Shi ne Hafizullahi, wanda ya kwaso tsofaffin daga inda aka manta da su yake yawo da su Sakkwato da Kaduna da Abuja.

Kalilu ya ga Halliru, kofin shayi ya yi ta rawa a hannunsa har ya zuba masa a wando. Ya ajiye ya fara miƙewa.

"Na Saude! Ubangidana! Mai kai kuyya gabas…"

"Zauna. Matattu ba su amsa kirari."

Kalilu ya zauna. Hafizullahi ya dubi wannan ya dubi wancan, ya gane, ya kifa wayoyinsa.

"Baba, kai ne? Wallahi na ji daɗin ganinka. A kawo ma Baba kujera."

"Ba ka ji daɗi ba, kuma ban zama. Kalilu, direba ya iske ka ko bai iske ka ba?"

"Ya iske ni."

"Mi yac ce maka?"

"Ya ce kana da rai. Kuma na gaya ma yaron ga, Allah na gani na gaya mishi."

"Ya gaya min," in ji Hafizullahi, murya a sanyaye kamar mai lallashin majinyaci. "Amma Baba, ka duba. Lokacin an riga an yi wasa biyu. Da ka ga Abuja, manyan mata da gwala-gwalai suna kuka saboda kai. Mutanen da ba su san inda Gatawa take ba sun san ta yanzu. Wanga take shi ka cika muna hili. In na ce an yi kuskure, wa za shi ƙara yarda da mu? Ga hayar janareto, ga man mota, ga masu rakiya da bindiga a hanya. Tsohwahhin ga kowane da maganin da yaka sha. Baba Atiku sai da anka yi mai aikin ido."

Halliru bai dube shi ba. Kalilu yake kallo.

"Bijimi na ba ka. Ka ci shi. Damma na ba ka, ka ci su. Take nawa ne. Ina tsaye bisa ƙahwata kuna yawo gari gari kuna sai da gawata. To a ce ma na mutu da gaske. Tun da uwarka ta haihe ka, wa ka taɓa gani ya amshi kuɗɗi kan taken mamaci?"

Kalilu ya gyara tabarau.

"Ba kan take muka amsa ba, Na Saude. A ƙohwa aka amsa. Kuɗɗin ƙohwa ne."

Halliru ya yi dariya, irin wadda ta sa Atiku ya farka a firgice.

"Kuɗɗin ƙohwa! Da kuna bin mu gona, wace ƙohwa ce? Mutanen da sunka cishe ku shekara da shekaru, na Gatawa, na Kurawa, na Unguwal Lalle, ga su nan cikin gari suna kwana a makaranta. Wane cikinsu ad da dubu goma sha biyar? Kun dawo gida, in ji mota. Gidan wa?"

Hafizullahi ya zaro wani ɗan kati mai ruwan zinariya daga aljihu ya miƙa da hannu biyu.

"Baba, ga wannan. Kujerar gaba ce, da abinci da lemo, kyauta. Ka zo ka ji kiɗanka. Abu ɗaya nika roƙo, ka zauna awa kowa. In mun gama zagayen bana sai mu san yadda za mu gyara magana a hankali."

"Ka ba ni kujera in zauna makokina."

"Ba haka nika nuhi ba."

"Da lemo."

Hafizullahi ya mayar da katin aljihu. Muryar lallashi ta tafi.

"To shi ke nan, Baba. Ƙohwa dubu goma sha biyar ce ga mai rai."

Gero ne da su a ɗaki, bai kai rabin buhu ba. Halliru ya samo shi ne da ƙwadago a gonakin bayan gari, yana noma wa mutanen da a da ba su isa su bi shi a kan kuyyar noma ba. Da safiyar Asabar ya jawo buhun ya fara ɗaure bakinsa. Saude ta tsaya a ƙofa ta tokare hannu biyu a jikin bango.

"Ina za ka da shi?"

"Kin sani."

"Na sani, so nikai in ji da bakinka. Abincinmu za ka kai ma masu rina gemu. Malam, ka mutu kyauta, tashi kuma sai da tikiti? Ka tsaya bakin kasuwa ka ce ga ka nan, wa bai san ka ba?"

"Kasuwa ta san ni. Ganga ce ba ta sani ba."

"Ganga tana cin tuwo?"

"Saude, za a kaɗa takena a garin ga ina jin shi da kunnena. In na tsaya bayan bango, na zauna ke nan. In na zauna, sun yi gaskiya."

Saude ta dube shi. Ta san shi tun yana da ƙarfin da ake zuwa kallo daga wani gari, ta kuma san abin da ya rage masa. Ta sauke hannu ɗaya daga bango.

"Ka wuce. Amma in ka shiga ka ji kunyar manya ka zauna, kada ka dawo min ɗaki. In yi takabar ta gaske in huta."

Da rana ake wasan, don kowa ya koma gida kafin magariba ta rufe hanya. Halliru ya sayar da geron a kasuwa, ya iske jama'a maƙil a wajen filin. Duk ya san su. Tsofaffin da suka yi rawar wannan kiɗa a bakin gona, matan da suka yi guɗa a kansa, suna tsaye a rana suna kallon bango. An ƙara wa bangon tsawo da kwano don kada a leƙa. Waɗanda suka hau bishiya masu gadi sun sauko da su da sanda.

"Marigayi, ina zuwa?" wani ya kira.

"Za ni ganin kabarina."

Mai ƙofa ya ƙirga kuɗin, ya buga masa tawada a bayan hannu kamar ragon da aka sayar, ya nuna masa layin ƙarshe.

Kujerun baya kusan babu kowa. A gaba ne ake cike: 'yan kasuwar da ke kai kaya Nijar, 'yan kwangila da suka zo daga Sakkwato da rakiya, matansu, kowa ya ɗaga waya. A kan dandamali tsofaffi biyar cikin riguna masu walƙiya. Kalilu na tsakiya da gangar noma a rataye, Atiku a gefensa da jita. Kiɗan ya fito da ƙarfi, tsaf, babu kuskure ko ɗaya. Har Halliru ya ji haushin yadda ƙafarsa ke bugun ƙasa. Suka yi waƙar 'yan mata, suka yi ta direbobi. Wani Alhaji ya hau ya yi musu liƙi yana juyowa don waya ta kama fuskarsa.

Can Hafizullahi ya karɓi makirfo ya ɗaga hannu.

"Yanzu, jama'a, mun zo wurin da kowa ke jira. Ina roƙon kowa shi zauna. A al'adarmu ta Gobir, ba a tashi ga taken mamaci."

Ya ba da labarin. Ya ce Halliru na gona da asuba suka zo masa a kan babura. Ya ce sun ce ya ajiye galma ya ƙi. Ya ce da aka je ɗaukar gawar sai da aka ɓamɓare yatsunsa daga ƙotar. Halliru na jin wannan yana tuna yadda abin ya faru da gaske: shi da Saude cikin dawa a guje, takalmi ɗaya a ƙafa, galmar tana can jingine a rumbu har yau in ba a sace ba. Wata mata a teburin gaba ta cire tabarau tana share ido da gefen mayafi.

Taken ya fara, a hankali, kamar ana jan ƙafa bayan makara.

Halliru ya dafa kujerar gabansa ya miƙe. Gwiwarsa ta yi ƙara. Wani mai gadi ya matso yana magana ƙasa ƙasa.

"Baba, zauna, makoki akai."

Ya ture hannun ya shiga tsakanin kujeru. Bai yi sauri ba. Da ya kai tsakiyar fili sai ya ja numfashi ya saki muryar da a da take kaiwa daga wannan bakin gona zuwa wancan.

"Ni ne Halliru na Saude! Mai kai kuyya gabas rana ba ta kai ba! Gero ya san tahina, ciyawa ta san galmata! Ga ni tsaye! Uban wa ya ruhe ni?"

Wayoyi suka juyo. Wasu suka fara tafi, sun ɗauka yana cikin wasan.

Kalilu bai yi shawara da kowa ba, jikinsa ne ya yi. Tun yana saurayi, in mai take ya miƙe, makaɗi yakan ɗaga gula sama ya gaishe shi, ya juyo masa da bakin ganga, sannan ya sauya kiɗa ya koma na sauri. Hannun Kalilu ya tashi sama da gular.

Ganga ta ci gaba da kaɗawa.

Atiku ya saki jita yana nuna Halliru da yatsa, baki buɗe. Jita ta ci gaba da kuka. Tsofaffi biyar a tsaye, ba mai taɓa komai, taken mamaci yana zuba daga lasifika a hankali, babu kuskure ko ɗaya.

Tafin ya mutu. Wani daga teburin manya ya miƙe.

"Kaset ne! Wallahi kaset sunka sa muna!"

Ledar ruwa ta fara tashi, sai gwangwanin lemo, sai kujera. Alhajin da ya yi liƙi ya hau dandamali yana tsince kuɗinsa daga ƙasa. Mutane suka kewaye Hafizullahi, ɗaya ya riƙe masa wuyan riga, yana ta cewa a yi haƙuri za a yi bayani. Matar da ta yi kuka ta zo har gaban Halliru, kwalli ya zubo mata a kumatu.

"Kai ne shi? Kai ne marigayin?"

"Ni ne, Hajiya."

"Tsohon banza! Dubu hamsin na biya, na yi maka kuka da hawayena, ashe kana nan kana yawo!"

"Ki yi haƙuri da ban mutu ba."

Wani ya kashe janareto. Kiɗan ya yanke a tsakiya. Halliru ya ƙarasa gaban dandamali. Kalilu na tsaye inda yake, tabarau ya faɗi, idanunsa ƙanana sun yi ja.

"Ina tsaye, Kalilu. Kaɗa shi da sauri."

Kalilu ya sauke gular a kan fata. Bugun farko ya fita, na biyu ya zame, na uku gular ta kufce ta gangara ƙarƙashin lasifika. Hannun ya ci gaba da rawa shi kaɗai a iska. Ya kama shi da ɗayan ya manna a ciki.

"Ba ni iyawa, Na Saude. Na daɗe ba ni iyawa." Ya dubi filin, kujeru a kife, mutane na turereniya a ƙofa. "Ka tashi, ka kashe mu."

Halliru ya nemi tausayi a ransa bai samu ba.

"To kada ka ƙara taɓa shi. Ko da sauri ko a hankali, ko da hannu ko da na'ura. Ran da na mutu ma ban yarda ba."

Ya juya ya bi ƙofa tare da masu neman a mayar musu da kuɗi. Shi bai tsaya nema ba. A waje mutanen bango sun ji kirarin, sun ji hayaniya, ba su ga komai ba. Suka yi masa caa da tambaya. Ya ce musu ya tashi ga takensa, ya wuce gida.

Bayan kwanaki yana dawowa daga ƙwadago sai ya haɗu da wani ɗan Gatawa da ya je Isa cin kasuwa. Mutumin ya ce ya ga motar mai lasifika a can. Taurarin Bunsuru za su yi wasa. Sunan Halliru bai fito ba ko sau ɗaya. Yanzu taken marigayi Is'haƙa na Kurawa ake shela, kuma an ce Hafizullahi sai da ya aika mutum har maƙabarta aka nuna masa kabarin.

Halliru ya san Is'haƙa. Yana cikin waɗanda suka ɗauki makararsa.

"Nawa ƙohwa?"

"Ta baya dubu ashirin."

Halliru ya tofar da yawu a gefen hanya, ya gyara galmar aro a kafaɗa.

"Shi kam ba shi tashi," ya ce.